Maraɗi: Ina ruwan da tsofaffin Hiace ke shanyewa yake tafiya?

Duk wanda ya saba shiga motar haya daga unguwar Zariya a Maraɗi zuwa Tibiri ko Jiratawa ya san jarkar nan ta ruwa da ake cusawa ƙarƙashin kujera. Ba ta fasinja ba ce, ta mota ce. Kafin a tashi karen mota zai cika lagireto, in an dawo ya sake cikawa, alhali tafiyar ba ta kai ta kawo ba. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wannan ɗabi'a ce ke kai injina da dama ga halaka.

Lagireto ba randa ba ce. Ruwan da ke ciki a rufe yake, zagayawa kawai yake yi tsakaninsa da inji. Motar da ke neman ƙari kullum tana zubar da shi a wani wuri, kuma hanyoyin uku ne: ya ɗiga ƙasa, ya fita ta murfi, ko ya shige cikin inji.

Binciken farko ba ya cin ko dala. A kwanar da mota a busasshen wuri, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, da safe a duba. A bi tiyo ɗaya bayan ɗaya, musamman bakin da aka ɗaure, a nemi farin tabo ko jan tsatsa. Famfon ruwa yana da wani ɗan rami a ƙasansa. In ya fara tsiyaya, famfon ya gaji. Wani yoyon ba ya bayyana sai inji ya ɗau zafi, shi ya sa kanikawan da suka san aiki ke ɗaura wa lagireto famfon gwaji su matsa iska, su ga ko allura za ta sauka.

Akwai wurin da ake yawan mantawa da shi, kuma ya shafi 'yan uwa mazauna Turai masu turo mota gida. Yawancin tsofaffin Hiace, irin waɗanda Toyota ta fara ƙerawa a 1989, injinsu a ƙarƙashin kujerar gaba yake, kuma an yi su da na'urar ɗumama ciki saboda sanyi. Wasu, musamman waɗanda aka mayar ɗakin kwana na masu yawon buɗe ido, suna da dogayen bututu da ke bi ta ƙasan mota har baya. Gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara ya riga ya ci su tun kafin su iso Nijar. A Maraɗi ba mai kunna hita, don haka ba mai tunawa da su, su kuwa suna nan suna ɗiga.

Sai murfi, wanda ya fi komai araha. Ruwa na tafasa a digiri 100, amma murfi mai lafiya yana riƙe matsi har ruwan ya kusa 120 bai tafasa ba. Da zarar robarsa ta tsage, ruwan zai riƙa ficewa a matsayin tururi, ƙasa kuma a bushe.

Ta ukun ita ce mai tsada. In gasket ɗin kan inji ya ƙone, ko kan injin ya tsage, ruwa na shiga inda ake ƙona mai. Alamominsa ba ɓoyayyu ba ne: farin hayaƙi a salansa da ba ya ɗaukewa ko inji ya yi zafi, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, kumfa na tasowa a bakin lagireto, ko tiyon sama ya yi tauri jim kaɗan da tayar da mota. Sau da yawa ba daga nan matsalar ta faro ba. Ƙaramin tiyo ne aka yi wa sakaci har inji ya sha zafi sau biyu, sau uku.

Allurar zafi ma tana yaudara. In ruwa ya ƙare sarai, abin aunawar ba ya cikin ruwa, sai allurar ta iya sauka, direba ya ɗauka an samu sauƙi.

Abin da na fi gani a garejoji shi ne gaggawar cire tamostat a jefar, wai ƙasarmu ba ta sanyi. A ganina wannan ɓoye ciwo ne, domin bai toshe yoyo ko ɗaya ba. Haka zuba ruwan rijiya zalla: yana barin tsatsa da dasashi su toshe ƙananan hanyoyin lagireto, ƙurar hunturu kuma ta toshe shi ta waje. Ruwan sanyaya inji na kanti yana ɗauke da maganin tsatsa, nan amfaninsa yake ko a inda ba a san ƙanƙara ba.

In mota ta tafasa a hanyar Tibiri, fasinjoji za su matsa a yi sauri. Kada a buɗe murfi, kada a kwara wa inji ruwan sanyi. Na farko yana ƙona fuska, na biyu yana tsaga ƙarfe. A tsaya gefe, a bar ta ta huce aƙalla rabin awa, sannan a rufa tsumma a kan murfin a murɗa a hankali.