Satar da ta ceci Boston

Shekara 86 ƙungiyar Boston Red Sox ta yi ba ta ɗauki kofin besbol na Amurka ba. Rabonta da shi tun 1918, har magoya bayanta suka ce baki ne ya kama su, tunda ƙungiyar ta sayar wa abokan gabarta New York Yankees gwarzonta Babe Ruth.

Ranar 31 ga Yulin 2004, Theo Epstein, ɗan shekara 30 mai kula da cinikin 'yan wasa, ya tayar da ƙura: ya miƙa wa Chicago Cubs ɗan lelen garin, Nomar Garciaparra, ya karɓo Orlando Cabrera da Doug Mientkiewicz. A ranar ya kuma ɗauko Dave Roberts daga Los Angeles Dodgers. Shi kam ba wanda ya waiwaye shi, gudu kawai aka san shi da shi.

Da Oktoba suka gamu da Yankees, wanda ya fara cin wasa huɗu ya wuce zuwa wasan ƙarshe. Yankees suka ci uku a jere, na ukun ma 19 da 8 a Fenway Park, gidan Boston. A tarihin gasar ba a taɓa tashi daga irin wannan ramin ba.

Wasa na huɗu, zagaye na tara, Boston na baya da 4 da 3, ga mai jifan Yankees, Mariano Rivera, riƙe da ƙwallo. Kevin Millar ya samu zangon farko, aka musanya shi da Roberts. Kowa a filin ya san sata zai yi, wato ya sheƙa zango na biyu lokacin da ake jifa. Sau uku Rivera na wurga ƙwallo don ya kama shi. Duk da haka ya arce, ya shiga da ruf da ciki, hannunsa ya riga na Derek Jeter na Yankees da ƙyar. A ganina nan kakar ta juya. Bill Mueller ya buga, Roberts ya farke, David Ortiz ya rufe wasan a zagaye na 12.

Daga nan ba su sake faɗuwa ba. Curt Schilling ya yi jifa a wasa na shida da ɗinki a idon sawu, jini na tsatstsafowa ta safa. Suka fitar da Yankees, a wasan ƙarshe suka ci St. Louis Cardinals huɗu babu ko ɗaya. Ranar 27 ga Oktoba, ƙwallon da ta kammala gasar a hannun Mientkiewicz ta sauka.