James Earl Jones: Mai In'inar Da Ya Ci Abinci Da Murya

Wani mai sauraronmu daga Funtuwa ya aiko da takarda, ya ce gardama ta kaure a majalisarsu a kan dattijon nan da ya fito sarki, uban Eddie Murphy, a fim ɗin Coming to America na 1988. Ɗayansu ya ce wai mutumin yana da in'ina, saura suka yi masa ca. Shi ne yake so mu raba gardama.

To malam, sai ku ba abokin nan naku haƙuri, don shi ne da gaskiya. Sunan mutumin James Earl Jones, an haife shi ranar 17 ga Janairu, 1931, a jihar Mississippi ta Amurka. Mahaifinsa ya bar gida tun kafin a haife shi. Yana da shekara biyar ya koma jihar Michigan tare da kakanninsa na wajen uwa, waɗanda manoma ne. A nan in'ina ta kama shi, ta yi tsananin da ya yi kusan shekara takwas kamar bebe, sai dai ya yi hira da dabbobin gona.

Wani malaminsa na sakandare, Donald Crouch, shi ya buɗe masa baki. Ya ga yaron ya rubuta waƙa mai kyau, sai ya ce masa in har shi ya rubuta ta, to ya tashi ya karanto ta da ka a gaban aji. Ya tashi ya karanto ta tsaf, ko gargada babu. Ni da na riƙe alli kafin in zo gidan rediyo, da ƙyar in iya wannan kasada, don in da yaron ya sarƙe 'yan aji suka yi dariya, shi ke nan an rufe bakin.

Likita ya so zama a Jami'ar Michigan, daga baya ya koma wasan kwaikwayo. A dandalin wasa na birnin New York ya fara yin suna. Ya karɓi lambar Tony a 1969 saboda The Great White Hope, wasan da aka gina a kan rayuwar ɗan damben nan baƙar fata Jack Johnson, ya sake karɓa a 1987 saboda Fences.

Amma fa duniya muryar ta fi sani. Darth Vader na Star Wars, 1977, jikin wani Bature ne David Prowse, murya kuwa ta Jones ce, an biya shi dala 7,000, ba a ma sa sunansa ba a lokacin. Shi ne kuma muryar zakin nan Mufasa a The Lion King na 1994.

In'inar ba ta rabu da shi kwata-kwata ba. Shi da bakinsa ya sha faɗin cewa lallaɓa ta yake yi har tsufansa. Ya mutu ranar 9 ga Satumba, 2024, yana da shekara 93. Malam, a gaishe mana da 'yan majalisa.