Ƙullin Damtse: Ciwon Mai Alƙalami da Mai Filafili

Akwai wani ciwo da ya haɗa malami mai rubuta Alƙur'ani a Yelwa, da Basarke mai tuƙa jirgi a tafkin Kainji, da ɗan dako mai ɗaga buhunan albasa a kasuwar Yawuri. Shi ne ƙullin da kan fito cikin tsokar damtse, watau tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Asalinsa damƙa ce mai tsawo ba hutawa, har wani zaren tsoka ya ɗaure ya ƙi saki.

Alamarsa, in an taɓa sai a ji wuri mai tauri kamar ƙwayar wake, in an danna kuwa zafi ya harba zuwa bayan hannu ko yatsu. Wata likita ta Amurka, Janet Travell, ta bayyana irin wannan ƙulli a 1942, kuma ta nuna sau da yawa inda ake jin zafi dabam, inda tushensa yake dabam. Saboda haka tsagar wanzami a bayan hannu ba ta kai ga tushen.

Masu gyaran jiki ta hanyar motsi sukan yi umurni da abu 4. Na fari, a gasa damtse da tsumma mai ɗumi kamar minti 10. Na biyu, a danna ƙullin da babban yatsa rabin minti, gwargwadon abin da za a iya jurewa, har a ji ya lafa. Na uku, a miƙe hannu, tafi na duban ƙasa, a sa ɗaya hannun a lanƙwaso shi ƙasa rabin minti, sa'an nan a juya tafi sama a ja yatsu baya. Kowanne sau 3. Na huɗu, in zafi ya ragu, a ɗora damtse bisa cinya, a riƙe ƙaramin dutse, a ɗaga wuyan hannu, a sauke shi sannu sannu sau 10.

Mai rubutu ya riƙa ajiye alƙalami bayan kowane shafi yana buɗe yatsunsa. Mai jirgi ya riƙa sauya gefen tuƙi.

Amma fa in akwai kumburi, ko zazzaɓi, ko yatsu suka mutu, ko makonni suka wuce ba sauƙi, sai a nufi babban asibitin Yawuri. In kuwa zafin daga ƙirji ya sauko hannun hagu, kada a kwana. Allah Ya ba mu lafiya, amin.