Daga Sassaƙe Zuwa Allura: Yadda Tsiro Ke Zama Maganin Ciwon Daji

Ciwon daji, wanda ake kira sankara ko kansa, yana farawa ne idan wasu ƙwayoyin halitta na jiki suka dinga rabuwa suna yawaita ba ƙaƙƙautawa. Akasarin magungunan da ake ɗura wa majinyaci ta jijiya aikinsu shi ne hana wannan rabuwa, kuma da dama daga cikin waɗanda asibitocin duniya suka fi dogaro da su asalinsu ganye ne, ko saiwa, ko sassaƙe. Tsiro ba ya iya gudu idan ƙwari ko dabbobi suka far masa, sai ya kare kansa da guba. Wasu daga cikin waɗannan guba suna tsayar da rabuwar ƙwayar halitta, amma ba sa bambance mai ciwo da mai lafiya. Saboda haka gano sinadarin rabin aiki ne. Sauran rabin, wanda sau da yawa ya fi wuya, yana hannun masu harhaɗa magunguna: a tace shi, a auna shi, a samo hanyar kai shi inda ciwon yake ba tare da ya halaka mai ciwon ba.

Tsiron farko da ya buɗe wannan ƙofa wata ƙaramar fulawa ce 'yar asalin tsibirin Madagaska, mai fure fari ko ruwan hoda, wadda masana ke kira Catharanthus roseus. Ana shuka ta don ƙawa a gidaje da harabar ofisoshi a ƙasashe masu zafi, har da Najeriya. A Jamaika ana dafa ganyenta a sha don ciwon suga, kuma wannan labari ne ya sa Robert Noble da Charles Beer na Jami'ar Western Ontario a Kanada suka gwada ta. Ba su ga wani tasiri a kan suga ba. Abin da suka gani shi ne ɓerayen da aka yi wa allurar ruwan ganyen fararen ƙwayoyin jininsu sun yi ƙasa warwas. Wannan illa ce ta nuna hanya, domin a sankarar jini fararen ƙwayoyin ne ke yawaita fiye da kima. A 1958 suka bayyana sinadarin binbilastin, sannan masu bincike na kamfanin Eli Lilly suka fitar da ɗan'uwansa binkiristin, wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1963.

A yau binkiristin na cikin haɗin magungunan da ke warkar da kusan yara 9 cikin 10 masu nau'in sankarar jini da ya fi kama ƙanana, a ƙasashen da ke da kayan aiki. Ana kuma amfani da shi wajen maganin sankarar Burkitt, mai kumbura muƙamuƙin yara, wadda ta fi yawa a yankunan Afirka masu zazzaɓin cizon sauro. Sai dai sinadarin ɗan mitsitsi ne a cikin ganyen: ana buƙatar kimanin rabin tan na busasshen ganye kafin a sami giram ɗaya na binbilastin, binkiristin kuwa ya fi haka ƙaranci. Kuma hanyar shigarsa jiki ba abin wasa ba ce. Ta jijiya kaɗai ake ba da shi. Idan aka yi kuskure aka zuba shi a ruwan laka, kusan kullum mutuwa ce. Abin da ya sa ke nan a 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa haɗa shi cikin ƙaramar ledar ƙarin ruwa maimakon sirinji, don kada a rikita shi da allurar da ake yi a gadon baya.

Babu maganin da ya nuna wahalar harhaɗawa kamar fakilitaksel, wanda aka fi sani da Taxol. A 1962 wani masanin tsirrai, Arthur Barclay, ya ɗebo sassaƙen bishiyar Taxus brevifolia a dajin jihar Washington, ƙarƙashin shirin Cibiyar Ciwon Daji ta Amurka na gwada dubban tsirrai. Monroe Wall da Mansukh Wani suka tace sinadarin, suka bayyana ƙirarsa a 1971. A 1979 Susan Horwitz ta gano yadda yake aiki. Kafin ƙwayar halitta ta rabu biyu, takan shimfiɗa wasu siraran zaruruwa da ke jan kayan gadonta zuwa ɓangarorin biyu. Binkiristin yana hana zaruruwan haɗuwa, fakilitaksel kuwa yana sandarar da su har su kasa warwarewa. Ko ta wace hanya, rabuwa ta tsaya.

Duk da haka sai a ƙarshen 1992 aka amince da fakilitaksel, shekara 30 bayan ɗebo sassaƙen. Matsala ta farko ƙarancinsa: bishiyar ba ta saurin girma, ɓare ta kuma kashe ta ne, ga shi jinyar mutum ɗaya na cin bishiya uku ko fiye. An warware wannan ta hanyar sarrafa wani sinadari makamancinsa daga ganyen 'yar'uwarta ta Turai, daga baya kuma aka koma renon ƙwayoyin tsiron a manyan tankuna.

Matsala ta biyu ita ce ba ya narkewa a ruwa, jini kuwa yawancinsa ruwa ne. Mafitar da aka samu ita ce a narka shi a barasa zalla da wani abu mai suna Cremophor EL, wanda ake sarrafawa daga man zurma, wannan tsiron da ke fitowa a kan juji da bayan gari. Cremophor na riƙe maganin a cikin ruwa kamar yadda sabulu ke riƙe maiƙo. Amma shi kansa ya zo da tasa masifar. A gwaje-gwajen farko wasu majinyata numfashinsu ya sarƙe, jininsu ya faɗi, jiki ya yi borin jini cikin mintoci kaɗan da fara ɗurin, har aka kusa dakatar da binciken. Dole aka tsawaita lokacin ɗurin, aka kuma riƙa ba da magungunan kariya tun kafin a fara. Ƙari ga haka, Cremophor na tatso wani sinadari daga robar da aka saba yin ledar ƙarin ruwa da ita, don haka sai an tanadi kwalba ko roba ta musamman. A 2005 aka fito da Abraxane, inda aka lulluɓe fakilitaksel da albumin, furotin da jinin mutum ke ɗauke da shi tun asali, aka mai da shi 'yan ƙwayoyi masu faɗin nanomita 130, alhali nanomita miliyan ɗaya ne ke cika milimita guda. Sinadarin bai canja ba, abin ɗaukarsa ne ya canja, amma ɗurin ya sauko daga awa 3 zuwa minti 30, ba a kuma buƙatar waccan kariya. Sai dai sabon ya fi tsada nesa ba kusa ba, abin da ke da nauyi ƙwarai a inda majinyaci ke biya daga aljihunsa.

Akwai lokacin da harhaɗawar kanta ta kusa binne magani mai kyau. Kamtotesin, wanda Wall da Wani suka fitar daga wata bishiyar Sin a 1966, shi ma ba ya narkewa. Aka mai da shi gishiri don ya narke, ba a san hakan yana buɗe wani zobe a ƙirarsa wanda ƙarfin maganin ya dogara a kansa ba. A cikin jini sai ya yi rauni, da ya isa mafitsara kuwa tsamin fitsari ya sake rufe zoben, ya raunata ta har ana fitsarin jini. A farkon shekarun 1970 aka jingine shi. Sai da aka fahimci aikinsa a 1985 hankali ya dawo kansa, aka kuma amince da 'ya'yansa biyu masu narkewa, tofotikan da irinotikan, a Amurka a 1996.

Maitansin, da aka samo daga wani tsiron Habasha a 1972, gubarsa ta yi yawa har aka yi watsi da shi. Daga baya aka ɗaure wani nau'insa a jikin furotin na garkuwar jiki mai neman wata alama da ke kan ƙwayoyin wasu nau'o'in sankarar mama, ya kai shi har cikinsu kafin ya sake shi. Wannan shi ne Kadcyla, na 2013.

Duk wannan ya nuna abin da ya sa bai halatta a ɗauki labarin cewa tsiro kaza ya kashe ƙwayoyin sankara a ɗakin gwaji a matsayin an sami magani ba. Mai shan jiƙo bai san yawan abin da ya shiga jikinsa ba, domin ƙarfin ganye na bambanta da ƙasa da lokacin tsinka, kuma watannin da aka ɓata ana jiran jiƙo ya yi aiki su ne waɗanda ciwon ke yaɗuwa a cikinsu. Gangamau misali ne na kusa. Sinadarinsa mai launin rawaya, kurkumin, yana kashe ƙwayoyin sankara a faifan gwaji, an kuma yi dubban rubuce-rubuce a kansa. Amma idan aka haɗiye shi kaɗan ne ƙwarai ke ratsa hanji, wanda ya ratsa kuma hanta na saurin sauya shi ta fitar. Masu bincike na gwada lulluɓe shi da kitse, ko haɗa shi da sinadarin masoro mai rage saurin aikin hanta, ko niƙa shi zuwa 'yan ƙwayoyi irin na Abraxane. Waɗannan dabaru sun ƙara yawan abin da ke isa jini, amma ba a kai ga nuna cewa yana tsawaita ran majinyaci a manyan gwaje-gwaje ba, kuma hukumomin magunguna na Amurka da Turai ba su amince da shi a matsayin maganin ciwon daji ba.