Jirgin Fatakwal da ya ratsa Agyaragu

Duk wanda ya taso daga Lafiya zai nufi Makurɗi a mota, da wuya ya wuce Agyaragu bai lura da tulin doya a bakin hanya ba. Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne layin dogon da ya bi ta garin, wanda ciyawa ta kusa rufewa. A kansa ne jirgin fasinja ya yi shekaru yana kai mutane daga Fatakwal har Kano, kuma saboda shi ne ake kiran wani ɓangare na garinmu Agyaragu Tasha.

Turawa ba don mu suka shimfiɗa wannan layi ba, gaskiyar magana ke nan. Kwal aka gano a yankin Udi a 1909, sai aka ga ana buƙatar hanyar kai shi bakin teku. Aka fara aiki daga Fatakwal a 1913, aka isa Inugu a 1916. Daga nan aka miƙo arewa, aka iso Makurɗi a 1924, aka bi ta Lafiya da Kafanchan, aka haɗe da layin Legas zuwa Kano a Kaduna. A 1927 reshen Kafanchan zuwa Jos ya buɗe, don ma'adinan kuza su samu kwal cikin sauƙi, kuzar kuma ta samu hanyar fita. Mu dai hanya ce ta biyo ta ƙofar gidanmu.

Kogin Binuwai ne ya fi ba su wahala. Shekaru da dama jirgi kan tsaya a Makurɗi, a ɗora taragai a kan jirgin ruwa a yi fito da su, sannan a ci gaba da tafiya. Sai a 1932 aka buɗe gadar Makurɗi, wadda aka gina don jirgi da mota, tana nan har yau. Daga lokacin ne mutum zai iya zama a tarago ɗaya daga kudu har arewa. Bayan an kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya a 1955, aka ja layi daga Kuru da ke kan reshen Jos zuwa Maiduguri tsakanin 1958 da 1964, tazarar Fatakwal zuwa Maiduguri ta kai kilomita 1,443.

Mahaifina fataucin doya ya yi, kuma ba ya gajiya da labarin jirgi. Yakan ce ba a tambayar ƙarfe nawa jirgi zai iso, ranar kawai ake tambaya. Mutum ya zo tasha da tabarmarsa da butarsa, 'yan dako sun jera doya, mata na sayar da abinci, a yi ta hira har a ji kukansa daga nesa. A cikin tarago kuwa ga Bahaushe mai goro, ga Inyamuri mai manja, ga Tibi, ga Migili da Alago da Eggon, kowa da kayansa a ƙarƙashin kujera. Tafiyar ba sauri, domin layin siriri ne, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6, kuma ɗaya ne tal, dole wani jirgi ya raɓe a tasha ya jira ɗan'uwansa ya wuce. Amma kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma talaka kan tafi da kayan da mota ba za ta ɗaukar masa ba.

Wannan layin ne kuma ya kwashi dubban 'yan Gabas da suka gudu daga Arewa a 1966. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya katse zirga-zirgar, ya lalata gadoji. An gyara, an dawo, amma ƙarfin bai koma kamar da ba. Kuɗin man fetur ya tafi ga tituna, tireloli suka ƙwace kaya. An ɗauko kamfanin RITES na Indiya ya riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, aka ɗan ga sauƙi, suna tafiya aka koma gidan jiya.

A 2015 jirgi ya sake bin layin bayan gyaran gwamnatin Jonathan, yara suka fito kallo, wasunsu ba su taɓa ganin jirgi yana tafiya ba. Abin bai ɗore ba. A watan Maris na 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da sake gina layin daga Fatakwal zuwa Maiduguri. Watanni biyu bayan haka 'yan sandan Nasarawa suka nuna wa 'yan jarida mutanen da suka kama da manyan motoci shaƙe da ƙarafunan dogo da aka ɓalle. Ɓangaren Fatakwal zuwa Aba ne ya fara aiki a 2024, kilomita 60 da 'yan kai.

Ni a ganina, kafin gyara ya iso mana, abin da ya rage a ƙasa shi ne abin tsarewa. Ɓarawon ƙarfe ba ya aiki shi kaɗai, sai da mota da mai saye da wanda ya kau da kai. Sarakuna da matasan garuruwan da layin ya ratsa, daga Kadarko zuwa Agyaragu zuwa Lafiya, su sa ido, su kai rahoto duk inda suka ga ana kwance dogo da dare.