Sararin Jos a Kan Takarda

Garin Jos yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma daga Afrilu zuwa Oktoba hadari kan haɗu a kan tsaunukan Shere cikin ƙanƙanin lokaci. Ga mai zane da fentin ruwa, wannan sararin samaniya shi ne jigon hoto, shi ne kuma jarrabawa.

Farin gajimare a irin wannan zane takardar ce kanta, wadda aka bari ba a taɓa ba. Mai zane kan jiƙa takarda, ya shimfiɗa shuɗi a gefen gizagizai, ya sa ruwan toka a ƙarƙashinsu, sannan ya janye hannu. Idan launi ya ci wurin da ya kamata ya zauna fari, da wuya a maido shi. Da damina takarda kan daɗe da laima, launuka su narke cikin juna. Da hunturu kuwa takan bushe kafin buroshi ya kai bakinta.

Ƙasa kan samu ɗan siririn wuri a gindin hoton, amma a nan tarihi yake. Ban da duwatsun Riyom, akwai kududdufan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa. Ruwansu yana ɗaukar hoton gajimare kamar madubi, alhali ramuka ne da suka cinye gonaki, suka kuma ci rayuka. Dole mai zane ya zaɓa: ya mai da su tafkuna masu ban sha'awa, ko ya bar tulin jar ƙasar da ke gefensu ya ba da shaida.