Wasannin Gacha: Shiga Kyauta Ne, Cinikin Yana Daga Ciki

A ran 28 ga watan Satumba na shekarar 2020 ne wani kamfani da ke birnin Shanghai na ƙasar Sin, mai suna miHoYo, ya fito da wani wasa na wayar hannu da kwamfuta wanda ya raɗa wa suna Genshin Impact. Kamfanin ya kashe kimanin dalar Amurka miliyan 100 wajen shirya wasan, amma duk da haka bai nemi ko anini ba daga hannun masu saukar da shi. A cikin wata shida kacal, bisa ƙiyasin kamfanin Sensor Tower mai bin diddigin irin wannan ciniki, jama'a sun zuba fiye da dala miliyan dubu ɗaya a cikin wasan ta wayar hannu kaɗai.

Shi dai wannan wasa yana cikin jinsin da ake kira gacha. Mai wasa yakan shiga rigar wani jarumi ne a cikin duniyar tatsuniya mai cike da dodanni da sihiri da takubba, wadda aka zana da salon katun na ƙasar Japan da aka fi sani da anime. Yawon da ya ke yi a wannan duniya kyauta ne, haka ma labarin da yaƙe-yaƙen. Abin sayarwa shi ne sauran jaruman da zai tara su zama rundunarsa, tare da makamansu. Su kuwa ba a kasa su a faifai an yanka masu farashi ba. Mutum yana biya ne ya ja ƙuri'a, abin da ya fito masa kuma shi ne rabonsa.

Sunan ya samo asali ne daga wasu injuna da ake girkewa a bakin kantuna a Japan, inda yaro zai jefa tsabar kuɗi ya murɗa mariƙi, sai wani ɗan ƙwanso ya faɗo da abin wasa a ciki wanda bai san ko mene ne ba sai ya buɗe. Ƙarar murɗa mariƙin ita ce Japanawa ke kwaikwayo da kalmar gacha. Kamfanin Bandai ya shiga sana'ar waɗannan injuna a 1977. Daga baya dabarar ta ƙaura zuwa wayar hannu, inda wasan Dragon Collection na kamfanin Konami ya yi fice da ita a 2010, sa'an nan Puzzle & Dragons na kamfanin GungHo, wanda ya fito a 2012, ya zama wasan waya na farko da cinikinsa ya kai dala miliyan dubu ɗaya.

Masu iya magana sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya, kuma a kan haka aka gina makonnin farko na sabon shiga. A cikin Genshin Impact, alal misali, akwai ƙuri'a ta musamman don baƙi, ja 20 da ragin kashi 20 cikin ɗari, kuma an tabbatar wa mutum da samun wata jaruma a cikin goman farko. Kowane lungu ya leƙa akwai akwatin da zai buɗe, kowane mataki ya haye akwai tukuici, har ya ga kamar kuɗin wasan ba za su taɓa ƙarewa ba. To, yawancin wannan yalwa sau ɗaya ake bayar da ita. Da zarar an gama kwashe ta, abin da ke shigowa kullum ba tare da fashi ba shi ne ladan ayyukan yini, watau duwatsu 60 na kuɗin wasan da ake kira Primogems, alhali kuwa ja ɗaya duwatsu 160 ne. Akwai ƙari daga bukukuwa da sababbin yankunan da kamfanin ke buɗewa kusan kowane mako shida, sai dai wanda ya saba da ja goma a zama ɗaya zai ji a jikinsa cewa damina ta wuce. A daidai wannan lokaci ne kantin cikin wasan ke yi masa tayin ninka duk abin da ya saya a karon farko.

A nan ya kamata a sa alƙalami a yi lissafi, domin alƙaluman a bayyane su ke, kamfanin da kansa ya wallafa su. Jarumai masu tauraro biyar su ne aka fi rububi, damar samun ɗayansu a kowane ja kuwa kashi 0.6 cikin ɗari ce. An yi alkawarin cewa in mutum ya yi ja 89 bai dace ba, na 90 ba zai saɓa ba. Sai dai kuma akwai wata ƙura a baya: ko da mai tauraro biyar ɗin ya fito, kusan rabi da rabi ne ya zama shi ne wanda ake tallatawa a lokacin ko kuwa wani daban. In aka yi rashin sa'a, to na gaba ne zai zama tabbas. Ke nan wanda ya ƙwallafa rai a kan jarumi guda zai iya kaiwa ja 180, watau duwatsu 28,800.

Nawa ke nan a kuɗi na zahiri? Ƙunshi mafi girma a kantin wasan dala 99.99 ne, yana ba da 6,480 da gyaran 1,600, jimla 8,080, abin da ya kama ja 50, kowanne a kan kusan dala 2. Ja 180 ya tasar wa dala 360 ke nan. In aka auna da canjin shekarar 2024, lokacin da dala ta haura Naira 1,500 bayan sakin mara da Babban Bankin Nijeriya ya yi wa Naira a watan Yuni na 2023, kuɗin sun wuce Naira dubu 500, jarin da zai ishi wani ya buɗe tebur a bakin kasuwa. Ba kowa ne ke kaiwa wannan iyaka ba, domin in an haɗa da alkawarin nan kamfanin ya ce damar takan koma kashi 1.6 cikin ɗari, watau mai tauraro biyar ɗaya a cikin ja 62 ko makamancin haka. Amma fa jarumi ba ya cika ƙarfinsa sai an same shi har sau bakwai, kuma masu bin wannan hanya sukan kashe fiye da dala dubu a kan hoton mutum ɗaya.

Abin lura kuma shi ne farashin ba ɗaya ba ne ga kowa. Akwai wani katin wata-wata na dala 4.99 wanda ke ba da 300 nan take, sa'an nan 90 a kowace rana har kwana 30, jimla 3,000, watau ja 18 da ɗoriya a kan kuɗin da ba su kai na ja uku a babban ƙunshi ba. Sharaɗinsa ɗaya ne: ranar da mutum bai buɗe wasan ba, rabon wannan rana ya tafi. Wannan ya saɓa wa al'adar kasuwa, inda mai sari ne ke samun sauƙi. A nan mai haƙuri ne ake yi wa araha, mai gaggawa kuma ya biya da tsada, ita gaggawar ma kamfanin ne ke ƙirƙirar ta, tun da jarumin da ake tallatawa kimanin mako uku ya ke yi a cire shi, ba kuma a faɗin ranar dawowarsa. Mafi yawan masu wasan ba sa biyan komai ko kuma ɗan kaɗan su ke biya. Kaso mai tsoka na ribar yana fitowa ne daga wasu 'yan tsiraru masu buɗe bakin aljihu, waɗanda a cikin sana'ar ake yi wa laƙabi da manyan kifaye.

Wannan iyaka ta ja 90 da 180, wadda masu wasan ke kira tausayi, Japanawa kuma su ce rufin ɗaki, ba don alheri kawai ta samu ba. A jajibirin sabuwar shekarar 2016 wani mai wasan Granblue Fantasy na kamfanin Cygames ya nuna wa duniya kai tsaye ta intanet yadda ya kashe kimanin yen dubu 700, fiye da dala dubu shida, a ja sama da 2,200 kafin ya sami jaruma ɗaya da aka ce an ƙara damar samunta. Surutu ya yi yawa, har kamfanin ya ba masu wasa haƙuri, ya kuma sa doka cewa wanda ya yi ja 300 zai zaɓi abin da ya ke so. Shi kuwa Fate/Grand Order, wanda ya fito a 2015, bai sa irin wannan iyaka ba sai a 2022, a ja 330. Saboda haka gogaggun masu wasa sukan fara tambayar inda iyakar ta ke kafin su tambayi kyan zanen.

Hukumomi ma ba su zura ido ba. Tun a 2012 hukumar kare masu sayayya ta Japan ta haramta wani salo da ake kira kompu gacha, inda sai mutum ya haɗa cikakken jerin kayayyaki ta hanyar ƙuri'a kafin a ba shi babbar kyauta, matakin da ya karya darajar hannayen jarin kamfanonin GREE da DeNA. Ƙasar Sin ta tilasta bayyana alƙaluman dama daga watan Mayu na 2017, Apple ya bi sahu a ƙarshen shekarar, Google kuma a 2019. Beljiyam ta ɗauki akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi a matsayin caca a 2018. A Koriya ta Kudu, an ci kamfanin Nexon tarar won miliyan dubu 11.6 a watan Janairu na 2024 saboda sauya alƙaluman dama a wasan MapleStory ba tare da sanar da masu saye ba.

Shi kansa Genshin Impact bai tsira ba. A watan Janairu na 2025 kamfanin Cognosphere, mai rarraba wasan a wajen ƙasar Sin, ya amince ya biya dala miliyan 20 don sasantawa da hukumar ciniki ta tarayyar Amurka, wadda ta zarge shi da ɓoye ainihin tsadar ƙuri'ar ta hanyar jujjuya kuɗi: a canja dala zuwa wani kuɗin wasa, a canja shi zuwa na biyu, sa'an nan zuwa tikitin ja. Sasantawar ta kuma hana sayar wa 'yan ƙasa da shekara 16 ƙuri'a sai da yardar iyaye. Magidancin da ya bar katin bankinsa a maƙale da wayar da yara ke ɗauka zai fahimci dalilin wannan sharaɗi, domin da 'yan taɓe-taɓe kaɗan dala 99.99 ta fice.

Daɗin daɗawa, abin da aka saya bai zama mallakar mai saye ba. Bisa ƙa'idojin da mutum ke amincewa da su ranar da ya yi rajista, izinin amfani kawai aka ba shi, jaruman suna zaune ne a cikin na'urorin kamfani, kuma kamfanonin kan haramta sayar da asusun wasa ga wani, duk da cewa ana yin wannan ciniki a bayan fage. Wasan Dragalia Lost, wanda Nintendo da Cygames suka haɗa gwiwa suka fito da shi a 2018, an rufe shi a ƙarshen watan Nuwamba na 2022, kuma duk jaruman da jama'a suka shafe shekara huɗu suna tarawa suka tafi tare da shi.